Yaya za mu rubuta bayanin mmap2 da Hausa ba tare da mun ruɗa ɗalibi ba?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kamar yadda muka tsara, kowa ya ɗauki kasonsa na takardun jagorar Linux domin ya yi musu bayani da Hausa saboda ɗalibanmu na nan Maraɗi, waɗanda suke fama da Faransanci a aji, sannan su koma gaban kwamfuta su tarar da Turanci yana jiransu. Kasona ya faɗo a kan mmap da ƙanensa mmap2, kiraye-kiraye biyu da shiri yake yi wa Linux don a shimfiɗa masa fayil a cikin ma'adanarsa (memory) ya riƙa karanta shi kai tsaye. Na farkon, duk da tsawonsa, na gama shi lafiya, amma na biyun, wanda takardarsa ba ta kai rabin ta yayansa ba, shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ga abin da na rubuta, ina neman gyara: "mmap2 kiran tsari ne da ke shimfiɗa fayil a cikin ma'adanar shiri kamar yadda mmap yake yi, sai dai tazarar da ake ba shi daga farkon fayil ana ƙirga ta da shafi-shafi, ba da bayit ba, kuma wannan ne yake ba shiri damar shimfiɗa fayil mai girman tebibayit 16."

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Jimlarka tana da daɗin karatu, amma akwai kalma guda a cikinta wadda ba zan yarda ta wuce ba, ita ce "shafi". Takardar asali ba ta ce ana ƙirga tazarar da shafi ba, cewa ta yi ana ƙirga ta da ma'aunin bayit 4096. A kan kwamfutocin x86 da muka saba da su abubuwan biyu sun zo daidai, domin shafin ma'adana a can bayit 4096 ne, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsu abu guda. Amma girman shafi abu ne da ya danganta da na'ura da kuma yadda aka harhaɗa ƙwayar tsarin, wato zuciyar Linux da ake kira kernel, alhali ma'aunin mmap2 an kafe shi ne a 4096. Ƙwayar Linux ta arm64 tana iya aiki da shafi mai bayit 4096, ko 16384, ko 65536. Idan ka koya wa ɗalibi cewa ma'aunin shafi ne, ranar da ya zauna gaban na'ura mai shafin 16384 zai raba tazararsa da lambar da ba ita ba, kuma ba zai san daga ina ɓarnar ta shigo ba.

Mai Fassara:
Baba, na karɓi gyara. Sai dai ina da hujjar da ta sa na rubuta haka: sunan da takardar ta ba wannan lamba shi ne pgoffset, kuma haruffa biyun farko gajarta ce ta kalmar shafi a Turanci. Ashe ke nan su ma masu takardar shafi suke nufi?

Tsohon Injiniya:
Sunan gado ne daga lokacin da kusan kowa yake kan i386, wato na'urorin x86 masu bit 32, inda ba a ganin bambancin. Mu bar sunan yadda yake, tun da shi ɗalibi zai gani a allo, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya faɗi lamba. Akwai wuri guda da maganarka ta zama gaskiya, wato na'urorin ia64, waɗanda Intel ta sayar da sunan Itanium. A can takardar da kanta ta ware cewa ma'aunin girman shafin tsarin ne. An cire ia64 daga ƙwayar Linux a sigar 6.7, kuma ban taɓa ganin irin wannan na'ura a Maraɗi ba, amma kasancewar an ware ta a matsayin togaciya ya isa shaida cewa a sauran wurare ma'aunin ba shafi ba ne.

Malamar Lissafi:
Ina goyon bayan Baba, kuma ina ganin muna da misali a aljihunmu wanda zai sa yaro ya fahimci batun cikin minti guda. Duk wanda ya taɓa ciniki a babbar kasuwa ya san ba da tamma muke ƙirga kuɗi ba, da dala muke ƙirgawa, kuma dala guda tamma biyar ce. Idan mai tumatir ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi, idan ta ce ɗari, sefa 500 ce. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya ji "ashirin" ya miƙa sefa 20, ai ba lissafi ya kasa ba, ma'aunin da ake magana da shi ne bai sani ba. To haka mmap da mmap2 suke: mmap yana ƙirga da tamma, mmap2 yana ƙirga da dala, sai dai dalarsa bayit 4096 ce. Amfanin ƙirga da babban ma'auni kuwa shi ne ƙaramar lamba ta ɗauki babban adadi. Gurbi mai bit 32 marar alamar ragi yana ɗaukar lambobi 4,294,967,296. Idan kowace lamba bayit guda ce, iyakarka gibibayit 4, idan kuma an ware bit guda don alamar ragi, kamar yadda tsohon off_t, gurbin da ake ajiye tazara a ciki, yake, iyakar ta dawo bayit 2,147,483,647, wato gibibayit 2 a rage bayit ɗaya. Amma idan kowace lamba tana wakiltar bayit 4096, sai ka ninka 2 mai ƙarfin 32 da 2 mai ƙarfin 12, ka sami 2 mai ƙarfin 44, wato bayit 17,592,186,044,416. Nan ne tebibayit 16 ɗin da Malam ya rubuta ya samo asali, kuma ina son a nuna wa ɗalibi wannan ninkin a fili, kada a miƙa masa sakamakon kawai ya haddace.

Ɗalibin Bagalam:
Malama, na gode, misalin dala ya warware mini abin da na daɗe ina karantawa a fassarar Faransanci ban gane ba. Amma ina da tambaya, a gafarce ni idan ta yara ce. Idan na'ura mai bit 32 ba ta iya nuna adireshin da ya wuce gibibayit 4, ta yaya za ta shimfiɗa fayil mai tebibayit 16 a ma'adanarta?

Malamar Lissafi:
Ɗana, tambayarka ba ta yara ba ce, ita ce ta tona kuskure na biyu a jimlar Malam. Ba za ta iya shimfiɗa shi gaba ɗaya ba. Shiri a kan i386 filin adireshinsa gibibayit 4 ne, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi ƙwaya tana riƙe 1 ta bar masa 3, a cikin ukun nan ma akwai shirin kansa da laburarorinsa. Abin da mmap2 ya faɗaɗa shi ne nisan inda za ka iya fara dubawa a cikin fayil, bai faɗaɗa yawan abin da za ka gani a lokaci guda ba. Kamar rumbun gero ne mai ƙaramar ƙofa: kana iya kai hannu ko'ina a cikinsa, amma abin da ƙwaryarka ta ɗauka kawai za ka fitar a kowane zuwa. Saboda haka shirin da ke karanta babban fayil a irin wannan na'ura yana shimfiɗa yanki guda, ya gama da shi, ya sake shi da munmap, sannan ya matsa gaba ya shimfiɗa wani. Malam, ina ba da shawara a maye gurbin "shimfiɗa fayil mai girman" da "shimfiɗa wani yanki na fayil wanda tazararsa ta kai".

Ɗan Tibiri:
Ku yi haƙuri in kawo wata magana ta daban, ko da yake a kan batun take. Ni ban ga dalilin da zai sa mu ɓata dare a kan mmap2 ba. Babu wannan kira a x86-64, inda mmap yake karɓar tazara mai bit 64 kai tsaye, kuma kusan duk kwamfutar da ɗalibi zai saya a yau mai bit 64 ce. Ita kanta takardar asali ta buɗe ne da gargaɗin cewa mai yiwuwa ba wannan kiran kake nema ba, ka koma ga mmap. Idan masu abu sun ce ka wuce, me ya sa mu za mu tsayar da yaro a nan? Da mun rubuta layi biyu mun tura shi gaba, mun ba kiraye-kiraye irin su fork ko open lokacin da ya rage.

Mai Gyaran Waya:
Yaya, da ka zo shagona ka zauna yini guda da ka sassauta wannan magana. Abin da ake sayarwa sabo daban, abin da ke hannun mutane daban. Wayoyi masu araha da yawa da ake kawo mini tsarinsu mai bit 32 ne, haka ƙananan na'urorin rarraba intanet da tsofaffin allunan Raspberry Pi da ɗalibai suke koyo a kai, ban da kwamfutocin gwanjo da suka shekara goma sha a hannu. Duk wanda ya saka strace, manhajar da ke nuna kiraye-kirayen da shiri yake yi wa ƙwaya, ya bi sawun wani shiri a kan irin waɗannan, abin da zai fara cika masa allo shi ne mmap2, layi bayan layi, tun daga lokacin da ake ɗora laburarori, alhali shi bai taɓa rubuta wannan suna a shirinsa ba. Dole ya tambaya daga ina ya fito, kuma idan ya zo takardarmu ya tarar da layi biyu, mun sallame shi hannu rabbana.

Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan. Wani kamfani ya ba ni aikin rubuta ɗan shirin da zai karanta bayanai daga fayil a kan wata na'ura ta ARM, sai ƙuruciya ta sa na ce zan tsallake laburare in kira ƙwaya kai tsaye ta hanyar syscall. Ina son in fara daga bayit na 8192, sai na miƙa wa mmap2 lambar 8192 yadda take. Ƙwaya ta ninka ta da 4096, ta kai ni bayit na 33,554,432, wato mebibayit 32, alhali fayil ɗin bai kai ko kusa da haka ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kiran bai ƙi ba, ya dawo mini da adireshi lafiya lau, sai da na taɓa adireshin shirin ya faɗi da SIGBUS, siginar da ƙwaya ke kashe shiri da ita idan ya taɓa irin wannan wuri, domin Linux yana yarda ka shimfiɗa abin da ya wuce ƙarshen fayil, sai ka je karantawa yake kama ka. Na kwana biyu ina zargin katin ajiya kafin in gano cewa tamma na miƙa a inda ake ƙirga da dala.

Ɗan Tibiri:
Ƙanena, labarinka ai ni yake goya wa baya. Da ka bi ta mmap kamar kowa da ba ka ƙone ba. Abin da ya kamata takardar ta koya wa yaro shi ne kada ya taɓa wannan kiran.

Tsohon Injiniya:
Ku duka biyun kuna da rabin gaskiya, kuma ina ganin saɓaninku yana kan wanda ake rubuta wa takardar ne. Mai rubuta shiri na yau da kullum ba ya buƙatar kiran mmap2 da hannunsa, domin glibc, laburaren harshen C da shirye-shirye ke bi ta kansa, tana yi masa dillanci: ya ba ta tazara da bayit, ita ta raba da 4096 ta miƙa wa ƙwaya. Shi ya sa a sababbin sigogin takardar aka nuna kiran ta hanyar syscall da SYS_mmap2, don a gane cewa ba aiki ba ne da za ka samu a laburare da wannan suna. Amma akwai mai karatu na biyu, wanda yake bin sawun shiri da strace, ko yake rubuta laburare, ko yake aiki da harshen na'ura, kuma shi wannan yana buƙatar gaskiyar abin da ke faruwa a ƙasa. Takarda mai kyau tana sallamar na farko a jimlar farko, sannan ta zauna da na biyu.

Bari in ƙara ɗan tarihi, domin yana bayyana dalilin da ya sa kiran ya zama biyu. mmap yana buƙatar abubuwa shida: adireshi, tsawo, izinin karatu ko rubutu, tutoci, lambar fayil, da tazara. A farkon Linux a kan i386 ba a iya miƙa abubuwa shida ta gurabun mai sarrafawa, don haka tsohon kiran, mai lamba 90, adireshin wani ƙunshi yake karɓa wanda aka zuba shidan a ciki, kuma tazararsa da bayit take a gurbi mai bit 32. A gefe guda kuma kamfanonin Unix sun riga sun yi matsaya a 1996 kan yadda tsarin bit 32 zai riƙa ɗaukar manyan fayiloli, inda aka samo off64_t da mmap64 da ire-irensu. Da aka zo cika wannan alkawari a Linux, maimakon a tsaga tazarar gida biyu a nemi gurbi na bakwai, sai aka canza ma'auni ta zauna a gurbi guda. Haka mmap2 ya shigo a siga 2.3.31 da lamba 192 a i386, ya kuma isa hannun jama'a da siga 2.4 a watan Janairu na 2001. Dabarar ba ta jawo asarar komai ba, domin mmap ba ya karɓar tazarar da ba ninkin girman shafi ba, ke nan bit 12 na ƙasa kullum sifili ne, ɗaukarsu ma ɓarnar wuri ce.

Mai Fassara:
Baba, wannan jimla ta ƙarshe ita ce abin da na rasa. Na ɗauka an sadaukar da daidaito ne don a sami nisa, ashe babu abin da aka rasa. Sai dai yanzu wani wuri a takardar asali ya fara damuna, inda take cewa wannan kira yana ba shirye-shiryen da ke amfani da off_t mai bit 32 damar kaiwa ga manyan fayiloli. Idan shirin yana bi ta glibc ne, kuma gurbin da zai zuba tazarar bit 32 ne da bayit, ta ina zai faɗi lambar da ta wuce iyakar gurbin?

Tsohon Injiniya:
Ba zai iya ba, kuma ka kama wurin da ni ma nake ganin takardar ta taƙaita fiye da kima. Maganarta daidai ce ga wanda ya kira ƙwaya kai tsaye. Wanda yake bi ta laburare kuwa sai ya harhaɗa shirinsa da _FILE_OFFSET_BITS daidai da 64, a nan off_t ya zama bit 64, mmap ya koma mmap64 a ɓoye, shi kuma ya raba ya kira mmap2. Idan bai yi haka ba, tun a wurin buɗe fayil ɗin da ya wuce gibibayit 2 open zai ƙi shi da kuskuren EOVERFLOW, bai ma kai ga shimfiɗawa ba. Laburaren musl kuwa off_t ɗinsa bit 64 ne a ko'ina, don haka can babu wannan zaɓi. Tun da mu bayani muke yi ba fassarar kalma da kalma ba, muna da damar ƙara wannan, amma a sa shi a sakin layi dabam a nuna ƙari ne daga gare mu, kada ɗalibi ya je takardar da Alejandro Colomar yake kula da ita yanzu, bayan Michael Kerrisk, ya neme shi ya rasa ya ce mun yi mata ƙarya.

Malamar Lissafi:
Ina neman a ba ni wuri a wannan sakin layin na ƙari in sa misali guda mai lambobi, domin akwai tarkon da ya rage ko bayan an sa _FILE_OFFSET_BITS. A ce ɗalibi yana son karanta bayit na 5,368,710,000 a cikin wani fayil. Wannan lamba ba ninkin 4096 ba ce, don haka mmap zai ƙi ta da kuskuren EINVAL. Sai ya tambayi tsarin girman shafi ta sysconf da _SC_PAGE_SIZE, ya sauko zuwa ninki mafi kusa, wanda a nan shi ne 5,368,709,120, daidai gibibayit 5, ya ƙara ragowar 880 a kan tsawon da zai shimfiɗa, sannan ya fara karatu daga adireshin da aka ba shi a ƙara 880. Abin da glibc za ta miƙa wa mmap2 shi ne 1,310,720, lambar da ta zauna a bit 32 har da sauran wuri. Tarkon kuwa shi ne idan ya ajiye tazarar a gurbi irin long, wanda a na'ura mai bit 32 faɗinsa bit 32 ne, za a yanke saman lambar, gibibayit 5 ta dawo gibibayit 1, wato 1,073,741,824. Ita ma wannan ninkin shafi ce, saboda haka babu kuskuren da zai fito, shirin zai karanta bayanai na gaske daga wurin da ba shi ba ne, ya ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. A ganina wannan ya fi SIGBUS haɗari, domin shi SIGBUS ko ba komai yana ihu.

Ɗalibin Bagalam:
Malama, idan shafin na'urar 16384 ne kuma tana da mmap2, me zai faru idan an ba shi lamba kamar 3?

Malamar Lissafi:
Uku sau 4096 shi ne 12288, wanda bai faɗa a kan iyakar shafi mai 16384 ba, don haka zai dawo da EINVAL. A irin wannan na'ura sai lambar ta zama ninkin 4. Takardar asali ta ambaci wannan a sashen kurakurai, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ga gyaran da Baba ya fara yi, domin da ma'aunin shafi ne da wannan kuskure ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ɗan Tibiri:
To na sauko daga layi biyu, amma ban sauko daga sharaɗina ba: gargaɗin ya zo a farko, kafin kowane lissafi. Sannan ina roƙon mu daina kiran takardun jagorar "shafuka" a duk aikin nan, domin a cikin wannan zaren kaɗai kalmar tana iya nufin takarda ko yankin ma'adana, kuma yaron da zai karanta ba shi da Baba a kusa da zai tambaya.

Mai Fassara:
Na amince da duka biyun, daga yau "takarda" ga jagora, "shafi" ga ma'adana kawai. Ga sabon mafarin: "Idan shiri kake rubutawa, ba wannan kiran kake buƙata ba, duba mmap, wanda laburaren glibc yake juya shi zuwa wannan a madadinka. mmap2 kiran tsari ne na Linux da ake samu a na'urori masu bit 32 irin su i386 da ARM, babu shi a x86-64. Aikinsa ɗaya ne da na mmap, sai dai lambarsa ta ƙarshe tana ƙirga tazara daga farkon fayil da ma'aunin bayit 4096, ko da girman shafin na'urar ya bambanta da haka. Da wannan ma'auni gurbi mai bit 32 yake kaiwa ga yankin fayil da ke nesa har tebibayit 16, amma girman yankin da za a shimfiɗa a lokaci guda yana nan ƙarƙashin iyakar filin adireshin shirin." Misalin dala da lissafin Malama za su biyo baya a ƙarƙashin taken ƙari. Abu guda ya rage mini: ɗalibanmu da suka yi karatu da Faransanci "okte" suka sani, ba "bayit" ba, kuma ban yanke wanda zan tsayar ba.

Mai Gyaran Waya:
Malam, ka tsayar da bayit, ka ambaci okte sau ɗaya a farkon kundin gaba ɗaya, domin masu karanta mu daga Katsina da Jibiya bayit suka sani, namu kuma suna ganin haruffan MB da GB a jikin katin ajiya kullum. Ina da tsohon allon ARM mai bit 32 a shago. Ka turo mini misalin Malama in harhaɗa shi sau biyu, ɗaya da off_t ɗaya da long, a kan fayil mai gibibayit 6. Sai dai katin da ke ciki FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai gibibayit 4, don haka sai na mai da shi ext4 tukuna, in Allah ya yarda gobe bayan la'asar zan liƙa muku abin da strace ya nuna.